Kyamara mai madubi ko marar madubi: lissafin da ke gaban masu ɗaukar hoto na Zango

Duk wanda ya sauka daga trotro a Circle, ƙarƙashin gadojin saman da aka buɗe a 2016, ya gangara wajen Tip Toe Lane, ya san irin hayaniyar da zai tarar: masu tallar waya suna jan hannun rigarsa, masu gyara sun duƙufa a kan tebura, lasifika na tashi ta kowace kusurwa. A cikin wannan cunkoso ne na bi ƙanena wata ranar Litinin, jakar kyamararsa a ƙirji, ya rungume ta kamar mai goyon jariri. Niyyarsa ita ce ya sayar da duk abin da ke cikin jakar, ya ciko da kuɗin adashin mahaifiyarmu, ya sayi kyamara irin ta yayi, wadda ba ta da madubi. Ni kuwa Hajiya ce ta aiko ni, ta ce in je in gani da idona kafin ta kwance bakin zaninta.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin jakar nan. Kyamara ce irin wadda ake kira DSLR, da ya saya na hannu, da gilasai uku, da filasha. Da ita ya ɗauki sunaye da ɗaurin aure da saukar karatu da tarbar alhazai tun daga Nima har Maamobi da Sabon Zongo, da ita ya biya haya, da ita ya yi aure. Matasa irinsa suna da yawa a unguwanninmu, kuma sana'ar tana da asali a birnin nan: a Jamestown aka buɗe gidan hoto na Deo Gratias tun 1922, can ne kuma James Barnor ya yi nasa mai suna Ever Young a shekarun 1950, haka ma Felicia Abban, wadda ta ɗauki hotunan Kwame Nkrumah, ta rasu a 2024. Bambancin dai shi ne na yanzu ba su jiran mutane a shago, su ke bin taro.

To mene ne madubin da ake ta magana a kansa? A cikin DSLR akwai ɗan madubi a kishingiɗe bayan gilashi. Hasken da ya shigo yana dukansa, ya tashi sama, ya ratsa wani dunƙulen gilashi, ya fito a tagar da mai hoto ke sa ido. Abin da yake gani ke nan zahirin abin da ke gabansa. Idan ya danna, madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan farantin da ke kama hoto, wanda masu sana'a ke kira sansa, sannan madubin ya komo. Wannan ɗagawa da komawa ita ce ƙarar nan ta ƙwas da muka saba ji a wurin biki. Marar madubi kuwa an cire mata wannan duka. Haske na tafiya kai tsaye kan sansa, tagar leƙen kuma ƙaramin allo ne irin na talabijin, yana nuna hoton yadda zai fito, da duhunsa da haskensa, tun kafin a danna.

Kamfanin Panasonic ne ya fara fitar da irin wannan a 2008. Sony ta kawo mai babban sansa a 2013, sai Nikon da Canon suka biyo baya a 2018. Daga nan akalar ta juya. Manyan DSLR na ƙarshe da kamfanonin biyu suka fitar wa ƙwararru, wato D6 ta Nikon da 1D X Mark III ta Canon, duk na 2020 ne, kuma ƙoƙarinsu ya koma kan sabon tsari. Saboda haka ƙanena bai yi ƙarya ba da ya ce wa Hajiya duniya ta ci gaba. Inda muka saɓa da shi shi ne a kan ko dole ne ya bi ta a guje, da kuɗin da ba nasa ba.

Zan fara da abin da ya fi ni gaskiya a kai. Na farko shi ne saitin ido. DSLR tana auna nisa da wata 'yar na'ura dabam da ke ƙarƙashin madubi, in ta ɗan goce sai ka ga kunnen ango ya fito tar, idonsa kuwa dishi-dishi. Marar madubi tana aunawa a kan sansan kansa, kuma sababbin cikinsu suna gane fuska, su kama ƙwayar ido su bi ta duk inda ta yi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar amarya tana tafe a tsakiyar ƙawaye, lulluɓi na motsi, ya san darajar wannan. Na biyu shi ne bidiyo, wanda yanzu shi masu biki suka fi nema don su tura wa dangi a Kumasi da Jamus da Amurka. DSLR tana yin bidiyo, amma sai ta ɗage madubi, tagar leƙe ta yi baƙi, mai hoto ya koma kallon allon baya a tsakar rana. Na uku, kuma shi ya fi taɓa ni, shi ne shiru. Marar madubi tana iya ɗauka ba tare da ko ƙis ba. Na sha zama a wurin ɗaurin aure inda ƙarar kyamara ke saran addu'ar malam, har wani dattijo ya juyo ya watsa wa yaron harara. Sai dai shirun nan yana da sharaɗi: a ƙarƙashin wasu fitilun zamani hoton yakan fito da layi-layi, dole a koma wa labule mai ƙara.

Amma jikin kyamara ba shi ne dukiyar mai hoto ba. Dukiyar tana cikin gilasai, kuma nan ne lissafin ke rikicewa. Kowane kamfani yana da irin bakinsa da gilashi ke shiga. Bakin Nikon na dā tun 1959 yake, na Canon mai suna EF tun 1987. Da aka cire madubi sai tazarar da ke tsakanin baki da sansa ta ragu ƙwarai: a Canon daga milimita 44 zuwa 20, a Nikon daga 46.5 zuwa 16. Ma'anar wannan ita ce tsohon gilashi yana iya hawa sabuwar kyamara idan aka sa adafta da ke cike gurbin tazarar, amma sabon gilashi ba zai taɓa hawa tsohuwar ba. Gilasan Canon na EF duk suna ɗauke da motarsu a ciki, don haka suna aiki lafiya da adafta. A Nikon kuwa akwai tsofaffin gilasai da jikin kyamara ne ke juya su, waɗannan in an ɗora su a kan adafta ba za su saita kansu ba, sai an juya da hannu. Wanda kuma ya ce zai tsallaka daga wani kamfani zuwa wani, to ya shirya sake sayen kusan komai, har filasha da batir.

Mai shagon da muka fara shiga ya jujjuya kayan, ya leƙa gilasan a hasken waya, ya faɗi kuɗin da zai ba da. Ƙanena ya yi shiru. Jimillar abin da aka taya masa na kyamara da gilasai uku da filasha bai kai kuɗin jikin sabuwar kaɗai ba, ba a zancen gilashi. Ban ga laifin mutumin ba. Masu hoto a Turai da Amurka sun daɗe suna zubar da DSLR, na hannu sun yi yawa, farashinsu ya faɗi, alhali sabuwa da dala ake shigo da ita, kuma kowa ya tuna yadda sidi ta faɗi a 2022. Wannan faɗuwar farashi asara ce ga mai sayarwa, amma ga mai saye rahama ce: gilashin da ƙanena ya daɗe yana mafarki yanzu ya zo kusa da aljihunsa, muddin ya zauna a tsohon baki.

Akwai kuma abubuwan da masu talla ba su cika faɗa ba, alhali su suka fi shafar mai aiki a Zango. Batir shi ne kan gaba. Tagar DSLR ba ta cin wuta, madubi ne kawai. Ta marar madubi allo ce da ke kunne muddin ido na kai. A ma'aunin da kamfanonin ke bi, Nikon D750 tana ba da hoto 1,230 da caji ɗaya, Z6 ta farko kuwa 310. A wurin aiki akan wuce wannan adadi, kuma sababbi sun gyaru, amma tazarar tana nan. Bikinmu kuwa ba na awa biyu ba ne, daga hantsi ne har bayan isha, kuma wanda ya rayu a shekarun dumso bai manta yadda ake neman wurin caji ba. Sai ƙura. Madubi da labule suna kare sansan DSLR idan an cire gilashi, a yawancin marasa madubi kuwa sansan a buɗe yake, cikin hunturu ka canja gilashi sau ɗaya a filin Idi sai ɗigo ya bayyana a sararin samaniyar kowane hoto. Wasu, kamar EOS R, suna rufe labule in an kashe su, wannan abin a tambaya ne kafin a biya.

Abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne katin ajiya. DSLR irin su D750 da 5D Mark IV suna da gurbin kati biyu, kowane hoto yana iya sauka a wuri biyu lokaci guda. Z6 da EOS R na 2018, waɗanda su ne na hannun da talaka zai fi iya saye, gurbi ɗaya gare su. Kati yakan mutu ba sallama. In ya mutu da hotunan talla, a sake ɗauka. In ya mutu da hoton kaka tana riƙe da jikanta ranar suna, wa za a ce wa ya maimaita? Mai hoto ɗan unguwa ne, gobe zai haɗu da masu bikin a masallaci da bakin famfo.

Muka fito muka tsaya a inuwar gada. Ya ce, "Yaya, kai ba ka san yadda ake kallon mutum ba in ya fito da tsohuwar kyamara. Amare yanzu har sunan kyamara suke tambaya." Na ce na ji, amma ya gaya mini aiki nawa ya rasa a bara saboda hoto, nawa kuma saboda bidiyo. Ya ƙirga da yatsu. Na hoto babu ko ɗaya, na bidiyo huɗu. Ashe matsalarsa ba madubi ba ce, rashin kyamara ta biyu ce.

Daga nan muka koma ciki da wata niyya dabam. Muka nemi jikin marar madubi na hannu daga kamfanin da yake amfani da shi, mai cin irin batirin da yake da shi, tare da adafta. Ya ɗora kowanne daga gilasansa uku ya gwada, ya ɗauki farin bango don ya ga ko akwai tabo a sansa, ya bar bidiyo yana tafiya har ya tabbatar ko tana tsayawa a minti 30 kamar yadda tsofaffi da yawa ke yi, ya sa aka duba sau nawa labulen ya buga, domin shi ma yana da adadin rayuwarsa. Bai saya a ranar ba. Ya rubuta farashin a bayan wata takardar gayyata, ya ce zai dawo bayan Babbar Sallah idan kuɗin aikin alhazai ya shigo.

Da muka isa Nima, Hajiya na zaune a tabarma tana jira. Ta dubi jakar, ta ga tana nan da nauyinta, ta tambaya ko an fasa ne. Ya ce an ɗaga dai. Ta ce to ya tuna ranar Asabar akwai sunan jikar maƙwabciyarta a Maamobi, kuma ta riga ta yi alkawari da bakinsa.