Hayar Oba-Oba A Tampouy: Ciniki Na Ga Igiya Da Manhaja

Daga wakilinmu a Wagadugu

Duk wanda ya halarci babban taro a Wagadugu, na Maulidi ko wa'azi ko bikin finafinai na FESPACO ko baje kolin SIAO, ba zai rasa ganin 'yan agaji da masu gadi riƙe da wayar oba-oba ba, wadda a nan aka fi kira talki-walki. Da yawa daga cikin wayoyin nan na haya ne, ana karɓa da safe a mayar bayan an watse. A unguwarmu ta Tampouy sana'ar ta fara jan hankalin matasa, kuma fatakenmu da ke sarin kayan lantarki daga Lome ta hanyar Cinkassé, ko daga Kano ta hanyar Maraɗi, sun fara haɗawa da kwalayenta. Sai dai sayen wayar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana ga saita ta.

Ni kaina na ga haka kwanakin baya, lokacin da gidan rediyonmu ya karɓi hayar wayoyi goma domin watsa wani taro kai tsaye. Bakwai suna jin juna, uku kuwa ko tari ba sa ji, alhali duka muna kan tasha ta biyu. Abokin aikina da ke bakin ƙofa ya yi ta kira ba amsa, har babban baƙo ya shigo ba mu sani ba. Da muka koma wurin mai hayar, sai ya ce ukun nan sababbi ne, bai samu igiyar da ta dace da su ba, sai ya haɗa mana haka nan yana zaton lamba biyu lamba biyu ce. Ranar nan ya mayar da rabin kuɗi, ya kuma rasa mu.

Abin da lambar tasha ke ɓoyewa

Lambar da ke jikin maɓallin juyawa suna ne kawai. A bayanta akwai abubuwa uku da dole su zo ɗaya kafin wayoyi biyu su ji juna. Na farko mita, wato zangon da wayar ke magana a kai. Yawancin wayoyin hannu suna aiki ne a VHF, daga megahaz 136 zuwa 174, ko a UHF, daga 400 zuwa 470, kuma mai VHF zalla ba za ta taɓa jin mai UHF ba. Na biyu faɗin tashar, kilohaz 12.5 ko 25, wanda idan ya saɓa sai murya ta fito ƙasa-ƙasa ko a dagule. Na uku wani siririn sauti da ake kira CTCSS, ko ɗan'uwansa DCS, wanda ke buɗe lasifikar wayar idan ya dace.

A nan ne 'yan kasuwa ke ruɗuwa. Wannan sautin ba ya rufa asirin magana, yana hana ka jin wasu ne kawai. Duk wanda ya hau mitarku bai sa sautin ba, yana jin duk abin da kuke faɗa. Saboda haka mai sanar da yaransa ta oba-oba cewa kuɗi sun iso rumfa, ko mota za ta tashi ƙarfe kaza, ya sani bango na da kunne.

Waya irin Baofeng BF-888S, mai tasha 16, ba ta da allo ko madannai, don haka babu yadda za a canza mitarta sai da kwamfuta. Tana zuwa daga masana'anta da mitoci iri ɗaya da na sauran 'yan'uwanta. Idan masu haya biyu suka fitar da su daga kwali ba saiti, to 'yan bikin wannan layi za su riƙa jin masu gadin wancan.

Kowace waya da manhajarta

Kamfanonin ba su haɗa kai a kan manhaja ɗaya ba. Motorola na da tata mai suna CPS, kuma kowane dangin waya da irin tasa, ta GP340 ba za ta saita wayoyin dijital na MOTOTRBO ba. Kenwood na amfani da jerin KPG, kowane samfuri da lambarsa. Ga wayoyin Sin kuwa akwai CHIRP, manhajar kyauta da wani Ba'amurke mai suna Dan Smith ya ƙirƙiro, wadda ke karanta samfura masu yawa ciki har da UV-5R da BF-888S, amma ba ta taɓa irin waɗancan wayoyin Motorola.

Darasin ga mai sari shi ne, kada ya tara gauraye. Wanda ke da waya ashirin iri ɗaya, igiya ɗaya da manhaja ɗaya sun ishe shi, batir da caja ma suna shiga juna. Wanda ya tsinto iri biyar don arha, sai ya nemi igiya biyar da manhaja biyar.

Igiya mai kama da ta gaske

Igiyar saiti ta fi komai arha a shagon, amma ita ta fi tsayar da aiki. Baofeng da yawancin wayoyin Sin suna bin bakin Kenwood mai tsinke biyu. Motorola ma na da mai tsinke biyu a wasu samfura, sai dai tazarar ta bambanta, don haka ba sa shiga juna, GP340 kuwa bakinta na gefe ne mai ɗaurewa da kusa.

Sannan a cikin kan igiyar da ake sokawa a kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanen ƙwaƙwalwa da ke fassara tsakanin na'urorin biyu. An cika kasuwa da jabun ƙwaƙwalwar kamfanin Prolific mai lamba PL2303, sai kamfanin ya sa sababbin direbobinsa su ƙi aiki da jabun, shi ya sa Windows ke nuna kuskure mai lamba 10. A watan Oktoban 2014 kamfanin FTDI ma ya fitar da direban da ya riƙa kashe jabun nasa, har aka yi ta surutu kafin ya janye. Don haka mai saye ya tambayi irin ƙwaƙwalwar da ke ciki, kuma ya gwada igiya a kan kwamfuta kafin ya biya. Arha ba ta ado.

Masu gyaran rediyo suna da ƙa'ida guda: a fara karanta abin da ke cikin waya a adana shi, kafin a rubuta sabo. A cika batir, a danna bakin igiya har ya shige sarai, kada kuma a zare ana tsakiyar rubutu, domin hakan na iya bar maka waya da ba ta tashi. Mai haya nagari yakan ajiye fayil ɗaya na asali, ya sake zuba shi a duk wayar da ta dawo, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai karɓa.

Hukuma da kan iyaka

Mita ba ta kowa ba ce, dukiyar ƙasa ce. A Burkina Faso hukumar ARCEP ke rabawa, bisa dokar sadarwa ta Nuwamban 2008. Nijar ma na da tata ARCEP, Gana na da NCA, Nijeriya na da NCC da ma'aikatar sadarwa. Takardar da aka ba ka a wannan ƙasa ba ta aiki a waccan. Waya irin UV-5R tana iya hawa zangon jami'an tsaro idan an saita ta da ganganci ko da rashin sani, kuma tun da matsalar tsaro ta kunno kai a 2015, ɗan kasuwar da aka samu da kwalin oba-oba babu takarda a shingen jandarma yana da dogon bayani a gabansa. Asalin kaya ma abin dubawa ne: wayoyin da suka fashe a Labanan ranar 18 ga Satumban 2024 suna ɗauke da sunan Icom IC-V82, alhali kamfanin ya ce ya daina ƙera samfurin tun 2014.

Saboda haka kafin ka zuba jarinka, ka je ofishin hukuma ka nemi izini, ka riƙe rasiɗin saye da takardar duwan, ka rubuta lambar kowace waya da sunan wanda ya karɓa a littafi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.