Tsara Motsa Jikin Iyali a Gidan Namun Daji: Abin da Ya Dace da Mutanen Lafia

Garin Lafia, wanda ya zama babban birnin Jihar Nasarawa tun da aka yanke jihar daga Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, yana tsakiyar wurare da dama da ake zuwa kallon namun daji, domin wanda ya bi hanyar Akwanga zai iya haurawa Jos, inda aka kafa dandalin namun daji a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ko ya karkata ta Keffi zuwa gidan namun daji na yara da ke Asokoro a Abuja, wanda kuwa ya ɗauki hanyar Shendam zai tarar da gandun dajin Pandam a ƙaramar hukumar Qua'an Pan. Kallo ne ke kai iyalai waɗannan wurare a ranakun Sallah da Kirsimeti da hutun makaranta, amma kafin su fito sukan shafe awa biyu ko uku a ƙafa, uba da uwa da yara har da kaka, alhali da wuya wani dalili ya haɗa su a tafiyar ƙasa mai tsawon haka a cikin gari. Wannan tafiya da ake yi ba tare da an kira ta da suna ba ita ce jarin mai son tsara wa iyali motsa jiki a irin wannan wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta nemi yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami kimanin minti 60 na motsa jiki matsakaici ko mai ƙarfi a kowace rana, babba kuma ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu, ta kuma ƙara wa waɗanda suka kai shekara 65 atisayen daidaita tsayuwa domin rage faɗuwa. Abin da ake nufi da matsakaici shi ne motsin da zai ƙara wa mutum bugun zuciya da saurin numfashi har ya kasa rera waƙa, amma bai hana shi magana ba, wanda ga babban mutum yakan yi daidai da taku 100 a minti ɗaya. Alƙaluman hukumar na 2022 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa kai wannan mizani, matsalar da ke da hannu a yaɗuwar hawan jini da ciwon sukari. To, tafiyar mai kallo ba ta cika kai mizanin ba, saboda taku goma ne a tsaya, a yi hoto, a sake ja da baya don neman yaron da ya maƙale a kejin birai. Aikin mai tsarawa shi ne ya mayar da wasu sassan wannan yawo tafiya mai ɗumama jiki, ba tare da ya ƙwace wa mutane kallon da suka biya kuɗinsa ba.

Farkon abin da za a zauna a kansa shi ne hanya. Dandalin Jos ya kai murabba'in kilomita 8, gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano ma, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, fili ne da ba kowane tsoho zai iya zagaye shi ba, saboda haka abin da ya fi shi ne a zaɓi zagaye ɗaya na kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai komawa inda ya faro, a sanya masa zango biyar ko shida, wato wuraren tsayawa inda za a yi wani motsi na minti biyu ko uku. Kowane zango yana bukatar inuwa, ko ta mangwaro ko ta darbejiya, da benci, da ƙasa shimfiɗaɗɗiya marar tsakuwa da kututture. Injinan motsa jiki na ƙarfe da ake kafawa a wasu wuraren shaƙatawa ba su da wani gurbi a nan: suna da tsada, rana tana gasa su har ba a iya taɓawa, kuma ranar da ƙusa ɗaya ta kwance sun zama tarko ga yatsun yara.

Abin da ya bambanta wannan wuri da filin ƙwallo shi ne dabbobin da ke cikinsa, don haka ƙa'idar kowane zango ita ce a fara kallo, sannan a kwaikwaya. Jimina misali ce mai kyau. Tana iya gudun kilomita 70 a awa, wato kusan mita 19 a daƙiƙa ɗaya, kuma takunta ɗaya a cikin gudu yakan kai mita 3 zuwa 5. Idan aka shata layi biyu da farar ƙasa, tsakaninsu mita 4, yaro ɗan shekara bakwai zai ƙirga da ƙafarsa ya ga sai ya yi taku bakwai ko takwas kafin ya cinye abin da tsuntsuwar ke haɗiyewa a taku guda. Idan kuma aka ja masa layin mita 20 ya ruga uwarsa na duba agogon waya, zai ji daƙiƙa biyar ko shida, a wurin da jimina za ta wuce kafin a gama cewa ɗaya. Yaron da ya ji haka ba ya yarda da gwaji ɗaya, sai ya koma ya sake, kuma wannan komawar da ba wanda ya tilasta ita ce motsa jiki mai ƙarfin da ake nema. A zangon tsuntsaye masu dogayen ƙafafu irin su gauraka da zalɓe, waɗanda ke daɗewa tsaye a kan ƙafa ɗaya, ba a bukatar aro daga ko'ina, domin wasan langa, inda ɗan wasa ke riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, tsohon atisaye ne na daidaita tsayuwa da ƙarfafa cinya, sai dai a cire masa bangaza da ture a bar tsallen. Kaka kuwa ta dafa benci ta ɗaga ƙafa na daƙiƙa goma, ta sauya, shi ne ainihin abin da aka shawarci masu shekarunta su riƙa yi. Tafiyar hawainiya, wadda ke ɗaga ƙafa ta yi jinkiri kafin ta ajiye, ta dace da zangon ƙarshe inda ake son numfashi ya lafa.

Akwai motsin da ya kamata a ƙyale duk da sauƙinsa. Tsallen kwaɗo, wanda a wata ƙasa wasa ne, a nan horo ne da ɗalibi ya sani daga hannun malami, ga shi kuma yana wahalar da gwiwa, saboda haka duk allon da ya nemi a yi shi zai jawo dariya ko ƙi. Haka nan dole a yi lissafin kunya da sutura. Magidanci ba zai yi tsalle a gaban surukarsa ba, matar da ta ɗaura zane ta sa hijabi, wataƙila da goyo, ba za ta yi abin da ke bukatar kwanciya a ƙasa ba, kuma tsarin da bai san da haka ba zai ƙare da yara suna yi manya suna zaune. Mafita ita ce kowane zango ya zo da mataki biyu, na tsalle da na tsaye, sannan a ba manya muƙami: wannan alƙali, wannan mai riƙe agogo, wannan jagoran tafiya mai sauri zuwa zango na gaba. A gari irin Lafia, inda Alago da Eggon da Gwandara da Barebari da Migili da Tibi da Fulani ke cuɗanya, allon da aka yi da zane da gajeriyar Hausa da Turanci zai isar da saƙo fiye da dogon bayani.

Dabbar ma tana da haƙƙi a cikin lissafin. Binciken halayen dabbobin da ke tsare ya nuna cewa hayaniya da cunkoson 'yan kallo kan tayar da hankalin wasu, musamman dangin birai, abin da ake gani a yawan kai-komo da faɗa da ɓuya, don haka wurin gudu da tafi ya kasance nesa da keji, bayan itatuwa ko wata kwana, a bar gaban kejin ga kallo cikin natsuwa. Wannan rabuwa tana kare yaro kuma, domin wanda jininsa ya ɗau zafi da wasa shi ne mai hawa shinge. A watan Mayun 2016, a gidan namun daji na Cincinnati da ke Amurka, yaro ɗan shekara uku ya faɗa wurin wani goggon biri mai suna Harambe, aka harbe dabbar don a cece shi. Babu zangon da zai koyar da hawa ko lilo kusa da shinge, kuma a ajiye ruwa da sabulu kafin wurin cin abinci, saboda kunkuru da sauran masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke raba tsarin da ya dace da Jos da wanda zai yi aiki a ƙasar Lafia. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta da sanyi, amma Lafia da Pandam suna gangaren kwarin Binuwai, inda zafin watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 35. A irin wannan yanayi lokacin motsa jiki shi ne daga safiya zuwa hantsi, ko bayan la'asar, a riƙa shan ruwa a kowane zango tun kafin ƙishi, kuma yaron da ya fara jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya a kai shi inuwa nan take a jiƙa masa jiki. Ƙurar hunturu tana tayar wa masu asma da ciwonsu, mai azumi kuma tafiya a hankali ta ishe shi. Ranakun Sallah, duk da su ne ranakun cika, su ne mafi rashin dacewa da zangon gudu, gara a ware safiyar Asabar ko ranakun ziyarar makarantu.

Pandam kuwa hukuncinsa daban ne, domin a can dabbobin ba a keji suke ba, tafkinsa ma an san shi da dorina, wadda duk nauyinta tana iya tsere wa mutum a tudu. Zangon langa da layin jimina ba su da wuri a gandun daji. Abin da ya dace shi ne tafiya a jere bayan ma'aikacin gandun, murya ƙasa-ƙasa, yara a tsakiya, a tsaya inda ya ce a tsaya, kuma a juyo tun rana ba ta take ba.