Sarauniyar Lugu a majigi: ina Hausar ta shiga?

Duk wanda ya zauna bencin makarantar boko a ƙasar nan ya san littafin Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya, wanda ya fito a 1980. Muna yara abin da ke jan hankalinmu a cikinsa shi ne tsafi: macen da ta san sirrin itatuwa, wadda tsofaffi ke cewa tana rikiɗa ta koma damisa. Da dare idan ana hirarta, ƙanana sai su matso kusa da fitila.

A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim. A shekara ta gaba ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Yau ana iya kallonsa a wayar hannu, to amma babban mutum idan ya zauna gabansa, ba damisar yake gani ba. Abin da ke tsaya masa a rai shi ne rumbunan da ake ƙonawa, da dabbobin da ake korawa, da mutanen da ake ɗora wa kaya bisa kai a tasa su gaba da bulala. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, cikin ƙasar Dogonduci, a watan Afrilun 1899, a watan Mayu ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su juya musu baya su kashe su a watan Yuli. Ɗan kasuwar Agadas da ya san yadda ciniki ke mutuwa idan hanya ta ɓaci, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga inda matsalar take. A Nijar aka so ɗaukar fim ɗin, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Aï Keïta, ƴar Burkina, ita ta fito a Sarauniya, kuma wallahi ta yi ƙoƙari, akwai kwarjini. Amma da ta buɗe baki sai ka ji harshen Jula. Sarauniyar Azna, mai magana da Hausa, ga ta tana ba dakarunta umurni da harshen da jikokinta ba sa ji! Mai ilimin boko zai bi fassarar Faransanci a ƙasan hoto. Hajiya mai sayar da atamfa fa, ko mai tuyar ƙosai a bakin tasha? Su da labarin ya fi shafa, su ne aka bari a waje.

Alhali gyaran ba mai wuya ba ne. Kowace rana masu tura fina-finai a waya suna sayar mana da na Indiya da aka juya zuwa Hausa a Kano, har yara sun haddace maganganunsu. A nan Agadas ma an ɗauki fim ɗin Mdou Moctar da ya fito a 2015 da harshen Tamashek tun daga farko har ƙarshe, kuma an kalle shi har Turai da Amurka. Idan hukumomin al'adu suka nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin, tun da Med Hondo ya rasu a 2019, ƴan wasan rediyonmu sun isa su ba Sarauniya murya da Hausar Arewa, irin ta mutanen Lugu.