Launin toka a jikin ƙarfen bindiga: tauri daban, launi daban

To 'yan kasuwa, yau za mu ɗan jingine zancen farashin gero da dawa, mu duba abin da ke ruɗin mai sayen kayan ƙarfe, watau launin tokar nan da ake gani a jikin bindigogin Turai da Amurka. Da yawa sun ɗauka tokar ita ce shaidar taurin ƙarfe, alhali kuwa ba haka ba ne.

Shi tauri a wuta ake samunsa. Maƙeran bindiga sukan binne ƙarfe mai laushi cikin gawayin ƙashi da na itace, a akwatin ƙarfe rufaffe, su gasa shi da zafin da ya wuce digiri 700, kana su juye shi cikin ruwan sanyi. Sai bayansa ya yi tauri har magagari ya riƙa zamewa a kai, cikinsa kuwa yana nan da laushinsa don kada ya karye. Wannan ɓawo mai tauri galibi kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kuma yakan fito da dabbare-dabbaren shuɗi da ƙasa-ƙasa.

Ita toka da magani ake yinta, kuma hanya biyu ce. Ta fari ana ce mata tokar Faransa. A shafa ruwan asid mai rauni, kamar fosforik, ya cinye dabbare-dabbaren nan ya bar taurin yadda yake, sa'an nan a wanke da ruwan soda don ya kashe kaifin asid ɗin. Masu zane a jikin bindigar farauta su ke son wannan, domin zanensu ya fito sarai. Amma fa ƙarfen tsirara aka bar shi. In ba a shafa masa mai ko banish ba, damina ɗaya ta ishe shi tsatsa.

Ta biyu dafawa ake yi. A shekarar 1906 wani Bature a Ingila, Thomas Coslett, ya yi rajistar dabarar dafa ƙarfe cikin ruwan fosforik da garin ƙarfe. A 1915 aka kafa kamfanin Parker a birnin Detroit na Amurka, ya bunƙasa aikin har ana kiransa da sunan kamfanin. Ruwan yakan yi zafi dab da tafasa. In manganis aka sa a ciki sai toka ta yi duhu, in tutiya ce sai ta yi haske. Da irin wannan Amurka ta rufe bindigogin sojanta a Yaƙin Duniya na Biyu. Rufin yana da ƙananan ramuka masu riƙe mai, kuma man nan shi ne babban mai tare tsatsa. Irinsa ne muke gani a kan waɗansu noti da sukurori a rumfunan 'yan ƙarfe.

To ga inda ciniki yake. Ƙarfe mai laushi ma yana karɓar toka, don haka kada launi ya sa ka ƙara ko sisi. In notin keken shanu ko na injin niƙa za ka saya, goga magagari a wurin da ba ya gani. In ya ci, ba tauri. Mu dai ba mu biyan kuɗin buhu sai mun ga hatsin da ke ƙasansa.