Bugun Zuciya Marar Tsari Ga Mai Juna Biyu: Ina Matsayin Sababbin Magunguna?

Uwargida, zuciyarki tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Wani lokaci ɗakunan sama sukan daina matsa jini daidai, sai su riƙa karkarwa. Idan haka ta faru, jini yakan kwanta ya yi guda, gudan kuma yana iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ga mata matasa, sau da yawa asalin wannan larura shi ne ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a magance ba, har ya lalata ƙofar zuciya. Ciki kuwa yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, don haka ciwon da ya ɓuya yakan bayyana a lokacin.

Alamomi

Faɗuwar gaba, bugun da ba ya tafiya bai ɗaya, haki ko da kina kwance, jiri, da kumburin ƙafafu.

Magungunan da ake gwadawa

Masana suna neman maganin hana jini yin guda wanda ba zai jawo zubar jini ba. Amma sabo ba lallai ne ya fi tsoho ba. A 2023 an dakatar da gwajin asundexian kan wannan larura, domin bai kai apixaban kariya ba. A 2022, gwajin INVICTUS kan mutum fiye da 4,500 masu lalatacciyar ƙofar zuciya ya nuna cewa masu shan irin su warfarin, tsohon magani, sun fi masu shan rivaroxaban tsira. Ba a sa masu ciki a waɗannan gwaje-gwaje, saboda haka ba a ba ki su.

Abin da za ki yi

Warfarin yana iya nakasa jariri, musamman daga mako 6 zuwa 12. Likita na iya sauya miki shi da allurar heparin, wadda ba ta ratsa mabiyiya. Kada ki daina magani da kanki, kada kuma ki sayi wani a kemis. Ki kawo duk abin da kike sha ranar awo, har da na gargajiya.

Maigida, daga Tsamaye, Sabon Birni ko Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiya ce mai nisa. A tanadi mota da kuɗin hanya tun kafin naƙuda. Mai irin wannan larura a asibiti take haihuwa.