Damuwar ɗalibi a makarantun ƙasar Katagum

Larurar ƙwaƙwalwa takan soma da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da ita, kuma kusan rabin masu ita tun suna 'yan shekara 14 ko ƙasa da haka take kama su. Shekarun nan ne yaro yake ƙarshen firamare ko ƙaramar sakandare, ko yana tsangaya nesa da mahaifiyarsa.

A ƙauyukan Itas/Gadau, kamar sauran ƙasar Katagum, ba kasafai ake gane ta ba. Yaron da ya yi shiru, ya koma bayan aji, karatu ya daina shigarsa, daƙiƙi ake ce masa. Wanda ya zama mafaɗaci a ce ya gagara, bulala ta biyo baya. Idan yarinya ta yanke jiki ta faɗi a makarantar kwana, ƙawayenta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, sai a ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Addu'a tana da gurbinta, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Likitoci sun san cewa fargaba mai tsanani takan fito a jiki: faɗuwar gaba, ciwon kai, ciwon ciki, rashin barci, har da suma. Farfaɗiya kuwa magani yana shawo kanta a mafi yawan masu ita, ba a kuma ɗaukarta ta yawu, amma har yau akwai yaran da ake zaunarwa a gida saboda ita. Wannan asara ce da babu dalilinta.

Abubuwan da ke jawo damuwar sanannu ne: zuwa aji da yunwa, cin zalin manyan ɗalibai, mutuwar auren iyaye, ambaliyar kogin Jama'are da ke cinye gona ta rushe gida, da tsoron faɗuwa WAEC ko JAMB bayan uba ya sayar da hatsi ya biya kuɗin. Wasu samari sukan nemi sauƙi a ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, sai dai ƙuncin da ke kai yaro ga kwalbar yana nan.

A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majiyyaci. Amma likitocin fannin a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga mutum fiye da miliyan 200, akasarinsu kuma a manyan birane suke. Don haka nauyin gano ciwon da wuri yana kan malamin aji da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane alamu, da ba da taimakon farko, da tura majiyyaci gaba.

Ƙasar Katagum tana da inda za a yi wannan horo. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare tana yaye malamai, akwai Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu. Inda aka same shi, yana buƙatar ɗakin da ɗalibi zai yi magana ba a jiyo shi ba, da sanin asibitin da zai tura yaron da lamarinsa ya fi ƙarfin shawara.