DAC da agogon sauti: abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi adaftar iyafis

Yau kan sauti za mu yi magana. Wayoyi da dama yanzu suna zuwa ba kafar iyafis. Apple ya cire ta daga iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu da Galaxy Note 10 a 2019. Yawancin Tecno, Infinix da itel da muke riƙewa a Gusau har yanzu suna da ita, amma wanda ya sayi wayar da ba ta da ita dole ya nemi 'yar adafta ta USB-C. A nan ake asarar kuɗi: mutum ya saya, ya je gida ya jona, shiru.

Dalilin yana cikin wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira DAC. Waƙar da ke cikin memorinka lambobi ce zalla. Kunne ba ya jin lamba, sifika ma ba ta san ta ba, wutar lantarki mai hawa da sauka kawai take fahimta. Aikin DAC shi ne mayar da lambobin nan su zama wannan wutar. Duk wayar da ke da kafar iyafis tana da nata DAC a ciki. Adaftocin kasuwa kuwa iri biyu ne, kuma a ido kamar tagwaye suke. Akwai wadda igiya ce kawai, tana jiran wayar ta turo sautin da aka riga aka sarrafa. Akwai mai ɗauke da DAC a cikin kanta. Wayoyi irin su Samsung na baya-bayan nan da Pixel lambobi kaɗai suke fitarwa ta kafar caji, don haka ta farkon ba za ta taɓa yi musu aiki ba. Idan daga Tsafe ko Bungudu ka shigo Gusau sayayya, ka je da wayarka da iyafis ɗinka, a gwada a gabanka, har da kira don ka tabbatar makirufo yana ɗauka. Kuɗin motar dawowa canji zai iya fin kuɗin adaftar.

To, ina agogo ya shigo? Tun da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, ana yanka sautin daƙiƙa ɗaya gida 44,100, kowane gida da lambarsa. A bidiyo kuma 48,000 aka fi amfani da shi. Samun lambobin daidai bai wadatar ba, sai DAC ya fitar da kowace a kan lokacinta, kusan duk kashi 23 cikin miliyan na daƙiƙa. Mai ba da wannan lokacin wani ɗan ƙaramin dutse ne mai karkarwa idan wuta ta shige shi, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir. Ka tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowace taɓarya tana da lokacin saukarta. Idan ɗaya ta riƙa yin gaba kaɗan, ta yi baya kaɗan, hatsin dai zai daku, amma wanda ke waje zai ji kiɗan ya lalace. Haka agogon DAC yake idan yana ɗingishi: lambobin ba su canza ba, sai dai sautin ya fito da ƙura-ƙura, musamman a siraran muryoyi.

Matsalar ta fi tasowa idan na'ura biyu za su haɗu, kowace da agogonta. Wa zai bi wani? A tsohuwar hanyar S/PDIF, ko ta igiyar tagulla ko ta hasken nan ja na TOSLINK da Toshiba ya ƙirƙiro, wanda za ka gani a bayan talabijin da yawa, mai turawa ne shugaba. Lokacin yana cakuɗe cikin lambobin, mai karɓa sai ya tsamo shi, kuma a wajen tsamowar ɗingishi ke shiga. A situdiyo ana warware wannan da babban agogo guda ɗaya wanda duk na'urori ke bi, kamar liman da sahu. DAC masu kyau na USB kuma sun juya lamarin. Suna tara lambobin a ɗan rumbu, su riƙa ɗiba da nasu agogon, idan rumbun ya kusa cika su ce wa waya ta rage, idan ya yi ƙasa su ce ta ƙara. A matsayina na mai rubuta manhaja wannan dabarar tana burge ni, domin ita ce dai YouTube ke yi lokacin da yake tara bidiyo kafin ya fara nunawa.

A Turai da Japan akwai masu sayen agogon waje na kamfanoni irin su dCS da Esoteric a kan dubban daloli, don kayan sautin falonsu. Kuɗinsu ne. Amma a ganina, ga DAC guda ɗaya a ɗaki, sayen suna ne kawai. Ɗingishin DAC na zamani, har masu araha, ya yi ƙanƙantar da ana auna shi da kashi cikin tiriliyan na daƙiƙa. Haka ma igiyar USB mai bakin zinare: muddin ta banza tana isar da lambobin, mai tsada ba ta da abin ƙarawa.

Inda sautinmu ke mutuwa daban ne. Waƙar minti 5 a ingancin CD ta kai wajen MB 50. Wadda ake tura maka a shagon caji ko ta Xender sau da yawa ba ta kai MB 5 ba, wata ma an ciro ta daga bidiyon da WhatsApp ya riga ya matse. Abin da aka zubar ya zube, ba DAC ɗin da zai dawo da shi. Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da ke yawo a wayoyi kuwa yawanci daga tsofaffin kaset aka kwafo su, shuuu ɗin da kake ji a bayan kotso tun daga can ya taho.

Sai ƙugin nan da ke tashi idan aka jona waya da amfilifaya a wurin biki tana kan caji, ga janareta na aiki. Ba laifin agogo ba ne, dattin wuta ne ke bi ta caja ya shiga igiyar sauti. Zare cajar ka saurara.

Mai amfani da Bluetooth kuma ya sani cewa DAC ɗin wayarsa hutu yake yi, wanda ke cikin iyafis ɗin ne ke aiki. Wayar tana sake matse sautin kafin ta tura: SBC, wanda kowace na'ura ke da shi, yana tsayawa wajen kilobit 328 a daƙiƙa, LDAC na Sony yana kai 990, CD kuwa 1,411 ne. Jinkirin da kake gani tsakanin baki da murya a fim ko a gem daga wannan matsewa da tarawa yake zuwa. Idan za ka buga gem mai buƙatar jin takun abokin gaba, jona igiya.